Zaren Inna Mai Faci

Shekara talatin da ɗoriya Inna Mai Faci tana zaune a barandar da ke tsakanin shagon mai aski da na mai gyaran taya, ita da tsohon keken ɗinkinta mai ƙara kamar injin niƙa. Ba ta ɗinka sabo. Wandon da ya yage, zif ɗin da ya ƙi ja, aljihun da ya huje, su ne sana'arta, kuma da su ta raini 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta. Ba ta taɓa sanin aikin gobe ba. Abin da ya zo da safe shi ake dafawa da rana.

Da tsufa ya zo, ta idanu ya fara. Hannu ya san hanyarsa, ɗinki na tafiya sambal, amma kafar allura ta ɓace mata ɓat. Autarta, ma'aikaciyar jinya, ita ke zura mata zare kullum kafin ta wuce aiki.

Sai aka ba Auta gurbin ƙarin karatu na shekara biyu a wani gari mai nisa. Takardar ta yi kwana biyar a jakarta, saura kwana biyu a rufe karɓa.

"Ba zan je ba, Inna," in ji ta. "Wa zai riƙa zura miki zare?"

"Na safe kaɗai kike zurawa. In ya tsinke da hantsi fa, aljanu ke zura min? Gobe ba ki da aiki, zo ki zauna, ki ja bakinki ki yi shiru."

Washegari da hantsi zare ya tsinke. Inna ba ta kira kowa ba. Ta riƙe bakin zaren, ta yi bismillah, ta jingina da bango abinta. Can sai ga wani ƙaton mahauci zai wuce. Ya goge hannu a riga, ya durƙusa, ya kanne ido ɗaya har da zaro harshe, a karo na uku zare ya shiga. Bayan azahar wata malamar makaranta ce ta zura, mai aski na mita wai an yi masa shigar sauri.

"Kullum haka ake yi?" Auta ta tambaya.

"Wata rana minti biyu, wata rana awa guda. In na jira, bayana ya huta. Ban taɓa kwana da aikin mutane a hannuna ba."

"To ranar da ba wanda ya zo fa?"

"Ranar ba ta zo ba tukuna. Za ki ajiye karatunki saboda ranar da Allah bai ma aiko ta ba? Wanda ya ciyar da ku huɗu da yagaggun wanduna bai gaji ba, 'yar nan."

Auta ta dubi tsohuwar nan mai farin gashi da ko fuskar 'yarta ba ta gani sosai, ta ji alfahari ya cika mata ƙirji. A kan teburin keken ta sa wa takardar hannu.

Inna ta karɓa, ta shafa ta da yatsu, ta ɗaga murya. "Mai aski! Mai taya! Ku bar abin da kuke yi, ku zo ku karanta min. Autata za ta tafi karatu."