Kaskon Goggo Tabawa

Duk wadda ta taɓa shiga gidan Goggo Tabawa ta san ba da lafiyar yara take fara gaisuwa ba. Kina zama kan tabarma za ta tambaye ki ko kajinki sun sha ruwa kafin ki fito. In kika yi jim, to gaisuwa ta ƙare, sai ki koma gida ki duba ki dawo. Yayar mahaifina ce, kuma gidan aurena ya fi na kowa kusa da nata a cikin garin Daura, don haka ni na fi shan wannan kora.

Abin ya faro ne lokacin da aka buɗe mana Islamiyyar matan aure, bayan zuwan Shari'a. Ran da malama ta yi bayanin hakkin dabbar da mutum ya tsare a gidansa, Goggo ta dawo jiki a sanyaye. Karatu bai taɓa zama a kanta ba, har ta rasu ba ta wuce ƙananan surori ba, amma wannan kam ya zauna. Ta ƙudurta cewa duk kazar da ta wuni da ƙishi a gidanta sai ta tsaya da ita gaban Allah.

A kasko take ba su ruwa, daga randar da ita ma take sha, da 'yan duwatsu a ciki don kada 'yan tsaki su nutse. Sai dai kasko ba ya jimawa ya ƙafe, ga gwiwoyinta sun fara ƙin sunkuyo. Muka shiga nema mata sauƙi.

Ni na fara. Na sayo mata robar nan da ake cikawa a kifa, ruwa ya riƙa sauka da kansa. Ta karɓa da godiya. Da azahar, cikin bazara, ta ɗaga ta kurɓa, ta furzar, ta miƙo mini.

"Sha, Hadiza."

Na ce ai na kaji ne, Goggo.

"To me suka yi miki da za ki dafa musu shayin roba?"

Daddawa ta koma ajiyewa a cikin robar.

Sai maƙwabcinta Malam Audu, mai kai kaya Mashi a babur, ya tsaga tsohuwar taya gida biyu ya kawo, wai tana cin ruwan wuni guda. Washegari aka tsinci ɗan tsako a ciki ya mutu. Goggo ta shimfiɗa tabarma ta zauna da carbi, ta aika masa cewa ana zaman makoki, kuma wanda ya haƙa ramin ya kamata ya fara zuwa. Bawan Allah ya zo, ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce Allah ya ba da haƙuri. Ta amsa, ta ce ya tafi da tayarsa.

Ɗanta Sani, da ke aiki a Katsina, shi ya zo da na zamani: bokiti mai murfi a rataye, da wasu 'yan kawuna a gindi waɗanda kaza ke caka da baki ruwa ya ɗigo. Ya yi ta bayanin tsabta. Ta daɗe tana kallon wata kaza tana miƙa wuya, sannan ta ce ita a gidanta ba a roƙon ruwa ɗigo-ɗigo. Kuma ruwan da ke rufe, ta yaya za ta shaida an ƙoshi? Bokitin ya ci gaba da lilo, kasko ya ci gaba da aikinsa.

Mun yi ta dariya a lokacin. Dariyar ta tsaya da ƙafafunta suka kumbura, likita ya ce sai an kwantar da ita, ta ce ba inda za ta. Sani ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya ce zai sayar da kajin. Ta juya fuska bango ta daina cin abinci. Sai da na durƙusa na ɗaukar mata alkawarin zan cika kaskon da hannuna safe da rana da yamma, kafin ta yarda aka sa ta a mota. Ashe mun makara. Kullum na je dubiya ba ta tambayar komai, hannuna kawai take kamawa ta shafa, ta ji ko da sauran sanyin ruwa.

Ran da ta cika, gida ya cika da mata. Ina cikin kuka na tuna rana ta take, na zame na zaga bayan ɗaki da moɗa. Na tarar kaskon ya cika har ya tumbatsa, ƙasa ta zama caɓi, ga wata dattijuwa tsaye da buta tana share hawaye tana ƙarawa. Ashe duk wadda ta shigo sai ta sulale ta zuba, kowace tana zaton ita kaɗai ta tuna.

Ya Allah, baiwarKa ta ji tsoron ƙishin halittarKa har ya ci lafiyarta. Ka sanyaya makwancinta, Ka shayar da ita daga tafkin Alkausara har ta ƙoshi. Amin.