Kofin Hajiya Rabi

Ko bayan na yi ritaya ba na jin zan manta da wata Talata ta cikin damina, wata biyu da dawowata Jos daga kwas ɗin dashen ƙoda. Ku da kuke shirin tafiya irin wannan kwas, ku buɗe kunne. Shekara guda na yi a wata cibiya a ƙasar waje ina koyon kula da wanda aka dasa wa ƙoda: yadda ake auna maganin da ke hana jiki yaƙar sabuwar ƙodar, da yadda ake gane in jikin ya fara ƙin ta. Na dawo da satifiket ina ji da kaina, jira kawai nake a kawo mini matsala mai wuya.

Malam Sabo mahauci ne a mahautar Abattoir, kuma shekara uku muka yi muna masa wankin ƙoda. Mai wankin ƙoda ba ya fitsari sosai, ruwan da ya sha taruwa yake a jiki har ya kai huhu. An taɓa kawo shi numfashi yana neman gagararsa, ranar na yi wa matarsa Hajiya Rabi faɗa ba na wasa ba. Na ɗaga ɗan kofin silba da suka zo da shi, na ce uku a yini, in ta ƙara ko ɗigo, duk abin da ya biyo baya ita ta ja.

Ina can wurin kwas gwaji ya nuna ƙodarta ta dace da shi, ta ba shi ɗaya, aka yi aikin a wani gari. Da suka dawo hannuna na zaunar da su awa guda ina zuba sabon ilimi: magani a kan lokaci, takunkumin fuska a cikin jama'a, ban da nama mai jini-jini. Suka yi ta gyaɗa kai.

A Talatar nan gwajin jini ya nuna, karo na uku a jere, ƙodar tana ja da baya. Hoton ƙodar lafiya lau, magani daidai. Na yanke cewa jikin ne ya fara ƙin ta. Na san in wannan ƙodar ta mutu sai ya koma kan injin wanki, Hajiya kuwa ba ta da wata da za ta sake bayarwa. Na ce a shirya allurar da ake tsakuro ɗan naman ƙoda a duba, a kuma tanadi magani mai ƙarfi.

Babbar nas ɗinmu, Matron Ngozi, haifaffiyar Gada Biyu a nan Jos, ta riga ni zuwa sashen da shekaru, ba ta kuma taɓa tsoron satifiket ɗin kowa ba. Ta ce, "Oga Dokta, kafin ka soka masa allura, duba bakinsa mana. Ya bushe kamar kilishi." Ta juya wurinsa. "Malam Sabo, ruwa nawa kana sha?"

Sai ya saci kallon matarsa. Hajiya ta zuge jaka ta fito da kofin nan, har ya lotsa a gefe.

"Uku, Likita," ta ce tana alfahari. "Ko ɗigo ban ƙara ba."

Na ce, "Hajiya, a can inda aka yi aikin ba su ce ya riƙa shan ruwa da yawa ba?"

"Sun faɗa. Amma su sati uku suka san shi. Kai shekara uku ka san shi, kuma ba ka ce an canza ba."

Malam Sabo ya samu bakin magana. "Wallahi Likita, ko alwala nake sai ta tsaya a kaina, kada in haɗiye na kurkurar baki."

"To ƙodata ce a cikinka," in ji ta. "Ba zan zuba ido ka nutsar mini da ita ba."

Matron ta juya baya, kafaɗunta suna rawa don dariya. Ni kuwa kunya ta kama ni har cikin raina. Awa guda na yi ina lissafa musu dokoki, na manta ban janye tsohuwar dokar da na kafa da tsawa ba. Sabuwar ƙoda ruwa take so, mu kuma mun bar ta da ƙishi.

Na soke maganar allura, aka ɗaura masa ruwa ta jijiya. Na aika aka kawo babbar gora, na ce wa Hajiya, "Ni na kafa dokar nan, yau na janye ta. Ki ba shi da hannunki." Sai da ta sa na maimaita a gaban Matron kafin ta miƙa masa. Ya kafa kai bai sauke ba sai da ya sha rabi, idonsa ya kawo ƙwalla. Kwana biyu bayan haka gwaji ya dawo daidai.

Da suka zo ganin likita wata na gaba, ƙara Malam Sabo ya kawo mini: wai yanzu har mahauta take aika masa gora da tsakar rana, da yamma kuma ta duba ko ya shanye.

Kwas ɗin ya yi mini rana, ya kuma ceci mutane da yawa a hannuna, ku je ku koya da kyau. Amma ku sani mutanenmu suna riƙe maganar likitansu fiye da yadda shi yake riƙe ta. Abin da ka faɗa cikin fushi shekarun baya yana nan yana aiki a gidansu har sai ka janye da bakinka. Kofin nan da kuke gani kusa da satifiket ɗina, Hajiya ce ta bar mini shi. Ta ce ita ta gama aikinta da shi, saura ni in riƙa tunawa.