Baki Nawa

A ƙarshen layin masu tumatir akwai wani shago mai firiza uku da katako guda wanda tsakiyarsa ta lotsa saboda sara. Mai shagon yana da suna kamar kowa, amma ban taɓa jin an kira shi da shi ba. Baki Nawa ake ce masa, domin ba ya ɗora wuƙa a kan kifi sai ya tambaye ka mutum nawa za su ci. Gajere ne, ga tumbi, ga tabarau ɗaure da zare.

Kifi ɗaya yake ji da shi, wanda aka rubuta wa makarel a jikin kwali, mu kuma muke ce wa taitus: mai zanen baƙi a gadon baya, ga maiƙo, ƙaya kaɗan. Sauran kifayen sayar da su kawai yake yi, wannan kuwa har wa'azinsa yake yi. Ka tsaya minti biyar, za ka ji cewa maiƙonsa ba irin kitsen nama ba ne, zuciya na son sa, yana gina jiki, tsoho marar haƙori ma zai ci ya lashe hannu. In ya ji mace ta ce za ta soya shi ƙayau, sai ya ajiye wuƙa ya dube ta ta saman tabarau.

"Hajiya, in katako kike so, ga kafinta can."

Tambayar nan tasa ta sa babu gidan da bai san cikinsa ba. Wadda ta saba cewa huɗu ta ce shida, sai ya ce a gaida baƙi. Magidanci ya ce uku maimakon huɗu yana sunkuyar da kai, sai ya ce, "Je ka ba ta haƙuri tun kifin bai narke ba." Ni kam na daɗe ina jin haushinsa. Ranar da na toshe hanci a bakin shagonsa ya gane ina da ciki, ya kuma riga ni gaya wa mahaifiyata.

Babana tsohon hedimasta ne. Shekara talatin yana zuwa shagon duk Talata da Asabar da ƙafarsa, don bai yarda da zaɓen kowa ba. Da bakwai ya fara amsa tambayar. Muka yi ta aure muna watsewa, ta koma biyar, ta koma uku, ta tsaya a biyu. Kullum gunduwar tsakiya tasa ce, Baki Nawa kan yanka masa ita da kauri. Da Mama ta rasu, Baba ya ɗauke ƙafa.

Cikin wata huɗu rigunansa suka yi masa yawa. Daga shayi sai burodi. Likita ya auna shi ya ce zuciyar tana son kulawa, ya rage gishiri, ya riƙa cin kifi mai maiƙo sau biyu a mako. Na dafa na kai masa, ya sa mini albarka, bayan kwana uku na tarar da kwanon a firij yadda na bar shi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Gaskiya tsoro ya kama ni, don na ga alamar so yake ya bi Mama a hankali ba tare da ya dami kowa ba.

Wata Talata na sake komawa shagon.

"Baki nawa, 'yata?"

"Ɗaya."

Ya tsaya da wuƙa a hannu. "Hedimasta ne? Yana ci kuwa?"

Na girgiza kai.

"Na sani," ya ce. "Mutumin da ya fara da bakwai ba zai tsaya gaban jama'a ya ce ɗaya ba."

Ya juya mini baya, na ji sara, na ji motsin leda. Ya ƙulle ta tamau ya miƙo. "Kada ki dafa, kada ki buɗe. Ki ce ni na zaɓa masa da hannuna."

Baba ya kwance ledar a kan teburin kicin. Kawuna uku ne da wutsiya biyar. Ya juya su da yatsa yana neman tsakiya, babu ko ta shaida. Ya sa hula, ya zura takalmi, ya ɗauki ledar. Rabona da ganin yana sauri haka tun yana korar masu makara a ƙofar makaranta. Na bi shi ina haki.

Ya dire ledar a kan katako gaban mata kusan goma. "Shekara talatin ina zuwa nan. Yau ni ka mayar kyanwa?"

"Sannu da zuwa, Hedimasta," in ji Baki Nawa, ko a jikinsa. "Tsakiya ta masu zuwa da ƙafarsu ce. Masu aike, kai da wutsiya."

Ya buɗe firiza ya zaro wani ƙaton taitus, fatarsa na sheƙi, jikinsa a miƙe. Ya kwantar da shi, ya ɗaga wuƙa.

"Baki nawa?"

Baba ya buɗe baki ya rufe. Wallahi da kifi na hannuna a lokacin, da na kwaɗa wa mutumin nan a ka.

"Biyu," Baki Nawa ya ba kansa amsa, ya sauke wuƙa. "Ƙarfe biyu nake rufe shago. Tumatir, albasa, citta da tafarnuwa, wuta kaɗan-kaɗan. Gishiri ɗan barbaɗi. Kada ka yi ta juya shi da ludayi ya farfashe."

"Wa ya gayyace ka?"

"Babu. Shekara shida ke nan nake cin nawa a tsaye bayan firizar nan. Kowa ina tambayarsa, ni ba wanda ya taɓa tambayata."

Baba ya yi ta mita har gida, wai bai taɓa ganin marar kunya irin wannan ba. Amma baƙo na tafe, ba a bar tukunya a kife ba. Ya hana ni taɓa komai, ya yanka albasa yana share ido, ya ce yajinta ne.

Ƙarfe biyu da kwata mutumin ya yi sallama, ya wanke hannu, ya zauna kamar gidan ubansa. Yana buɗe kwano ya ɗauke gunduwar tsakiya, Baba na kallo. Ya cinye, ya ce gishiri ya ɗan yi yawa, ya sake miƙa hannu wajen ta biyun. Baba ya riga shi. Don kada baƙo ya samu, ya cinye ta tas, ya ƙara da wutsiya, ya share romon da shinkafa. Ni kuwa na laɓe a kicin ina dariya ina hawaye.

Shekara biyu ke nan. Rigunan Baba sun dawo daidai, kuma har gobe yana cewa Baki Nawa ɗan cin arziki ne marar ta ido. Asabar da ta wuce na raka shi shagon. Tun kafin a tambaye shi ya ɗaga murya, mata na ji.

"Biyu. Kuma yau tsakiyar tawa ce."

Baki Nawa ya gyara tabarau ya yanka tsakiya biyu, ya tabbatar wadda zai ɗaukar wa kansa ta ɗan fi kauri.