Ranar da Ƙugiyoyi Suka Ɓace a Shagon Kabo

Ni da ɗan kawuna taubasai ne, kuma tun muna yara ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba. Da muka girma na zama malamin kwamfuta a wata sakandare a Gwarzo, shi kuma ya buɗe shagon buga takardu a Kabo. Abin da ya haɗa mu ɗaya ne, dukkanmu Linux muke amfani da ita, manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Ko a nan ɗin ma sai da muka samo abin musu.

A cikin Linux akwai wani sashe da ke tsakanin manhajoji da fuskar kwamfuta. Shi ke fito da abin da kake gani, shi ke kai saƙon maɓallin da ka danna inda ya dace. Iri biyu ne, tsoho da sabo. Tsohon sunansa X, kuma a shekaru ba zai rasa zama sa'anmu ba. Sabon kuwa Wayland ake ce masa. Ni na koma sabon da wuri, don in na haɗa kwamfutata da majigin aji hoto ba ya yayyagewa. Taubashina ya ce shi da tsohon sai mutuwa.

Duk Juma'ar da na je Kabo gaida Kawu, sai na biya shagon mu taɓa.

"Malamin zamani, yaya jaririn naku? Ya fara tafiya?"

"Yana gudu ma. Yaya tsohon naka? An samo masa sanda?"

Nakan faɗa masa cewa tsohon nan gida ne ba katanga, kowace manhaja na iya jin abin da kake rubutawa a wata. Shi kuma ya ce a gidan da babu ɓarawo katanga ado ce kawai. Dalilinsa na gaskiya dai wani ne daban. Shekarun baya ya zauna ya keɓe wani maɓalli da ba ya aikin komai, ya koya wa X cewa in ya riƙe shi ya danna k, to ƙ yake so, haka ma ɗ da ɓ. Yana ji da wannan dabara tasa ƙwarai. Kuma dole ya ji da ita, don mahaifinsa, wato Kawu, tsohon malamin Hausa ne da ya yi ritaya, mutumin da ko a saƙon waya ka bar ƙugiya sai ya kira ka ya tambaye ka wa ya koyar da kai.

Ana nan aka sa bikin ƙanen taubashin nawa, za a ɗaura aure a Masanawa. Kawu ya rubuta kalaman katin gayyata da hannunsa, ya ba ɗansa ya buga. Abin da ban sani ba, a makon nan gogan ya sabunta kwamfutar shagon a ɓoye, don ya ga abin da nake ta kurantawa ba tare da na sami bakin magana ba. Da ta tashi, sai ta tashi a kan sabon tsarin. Komai ya yi masa kyau a ido, bai ga abin zargi ba. Shi kuwa in yana bugu takardar hannunsa yake kallo, ba fuskar kwamfuta ba. Ya riƙe maɓallinsa kamar kullum, amma sabon tsarin bai san da wata yarjejeniya tsakaninsa da tsohon ba. Haruffa suka fito tsirara.

Da hantsi ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ɗan goggo, kana aji ne?"

Tun da na ji bai ce malamin zamani ba na san akwai magana. Da aka tashi daga makaranta na hau babur na nufi Kabo.

Na tarar da Kawu zaune a kan benci a ƙofar shagon, tabarau a kan hanci, kati ɗaya a hannu. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi iyali da ɗalibai, bai rage komai ba. Sannan ya miƙo mini katin.

"Karanta mini layin nan yadda yake a rubuce."

Na karanta: "Manyan baki."

"Na ƙasansa fa?"

"Uban kasa."

"To ka ji. Mutanen da na gayyata, masu mutunci, sun zama masu manyan bakuna. Hakimi guda kuma ya haifi macijiya. A gidana aka yi wannan."

Taubashina na tsaye a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Ya ce, "Baba, ai kowa zai gane. Yanzu yawancin mutane haka suke rubutawa."

"Yawancin mutane ba ni na haife su ba."

Na danne dariyata har muka shiga ciki, a nan ta ƙwace mini. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce laifin jaririnmu ne da ba ya jin magana. Na ce jaririn bai je Kabo da ƙafarsa ba, wani ne ya ɗauko shi a ɓoye. Na nuna masa ɗan wurin da ake zaɓa tsakanin tsohon da sabon a shafin shiga kwamfutar, ya koma tsohonsa, ƙugiyoyi suka dawo nan take. Na kuma nuna masa cewa a sabon ma akwai jerin maɓallan Hausa a shirye, zaɓa kawai ake yi. Ya kalla ya taɓe baki, ya ce ba a inda yatsunsa suka saba suke ba.

Muka fito da niyyar a sake bugawa, Kawu ya ce a'a, ba za a yi asarar takarda mai kyau ba. Ya aika aka sayo biro baƙi guda uku. Nan muka zauna a inuwar shagon har la'asar, muna bin kati ɗaya bayan ɗaya muna lanƙwasa wa haruffa kai. Kawu na duba na kowa. Nawa ma sai da ya dawo mini da wasu, wai ƙugiyata ta yi kama da wutsiyar akuya. Mai shayin da ke gefe ya leƙo ya tambaya ko jarrabawa ake yi.

An ɗaura aure lafiya, an ci an sha. Waɗansu daga cikin tsofaffin ɗaliban Kawu sun gane hannunsa a jikin katin, har wani ya ce zai adana nasa.

Bayan 'yan watanni na shiga shagon na ga sabon tsarin ne a kan kwamfutar, ya liƙa ƙananan takardu a kan maɓallai uku don yatsunsa su saba. Na tsaya ina kallonsu. Ya ce kada in sa rai, ya ji an ce masu yin manhajar sun fara cire tsohon ne gaba ɗaya, shi ya sa yake shiri. Ta gida kuwa, wadda yaransa ke kallo a kanta, har yau X ce a ciki, kuma ya hana ni zama kusa da ita.