Hausar da 'Yata Ta Tsinta a Gem

Ina cikin waɗanda suka fara murna ranar da aka ce gwamnatin Sin ta taƙaita wa yara buga gem a waya. Ina zaune a shagona na Zhanxi Lu, tsakanin kwalayen takalman da zan tura Kano, labarin ya iske ni, na ce madalla, Allah ya yi wa wanda ya kawo shawarar nan albarka. Dokar ta ce duk wanda bai kai shekara sha takwas ba awa ɗaya gare shi, daga takwas zuwa tara na dare, ranar Juma'a da Asabar da Lahadi, sai kuma ranakun hutu. Tara na bugawa gem ya rufe kansa. Ni da nake da yarinya 'yar shekara sha uku mai kai a sunkuye kullum, gani na yi an yi mini aikin da na kasa.

Yarinyar ita ce 'yar farina, kuma a nan Guangzhou aka haife ta. Mahaifiyarta 'yar ƙasar ce, Musulma, mun haɗu tana tafinta a wani kamfanin jigilar kaya. Saboda haka gida Sinanci, makaranta Sinanci, kanti Sinanci. Ni kuwa na taso na ga mahaifina bai taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, bai taɓa zama ya yi hira da shi ba, kuma ba wanda ya ce ba ya ƙaunarsa. Kunyar ɗan fari ce. Na ɗauko ta yadda take na kawo ta hawa na tara a wani bene da ke bayan Huanshi Lu. "Ke" nake ce wa yarinyar. Hausar da ke tsakaninmu ba ta wuce kin ci abinci, kin yi salla, kashe fitilar nan ba. Matata ta sha tambayata ko wani laifi yarinyar ta yi mini, in ce mata al'ada ce, ba za ta gane ba.

Wani zuwa gida da na yi, na kai wa 'yar ƙanena tsarabar waya. Sa'ar 'yata ce, kuma 'yata ce ta zuba mata gem ɗin a ciki kafin in tafi. Ashe tun daga nan kullum suna haɗuwa a cikin gem ɗin. Tsakaninmu da Kano awa bakwai ne, sai ya zama waccan na dawowa daga makaranta da ƙarfe biyu, nan tara ta yi, su buga har goma. Ni ban sani ba, don sai bayan nan nake shigowa. Ranar da zazzaɓi ya koro ni da wuri, ina buɗe ƙofa na ji murya daga ɗaki: "Dalla malama ki biyo ni ta hagu! Kai, wallahi ke muguwar sakarya ce, kin sa an kashe mu!" Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Na zaci baƙuwa muka yi daga gida. Hausar 'yan matan Kano ce tsaf, har da tsakin. Daɗi ya kama ni sosai, amma ban tsaya na tambayi kaina inda ta samo ta ba. Na ma ɗauka jini ne.

Da dokar ta fara aiki, awar da aka ba su ta faɗo kan ƙarfe ɗaya zuwa biyu na rana a Kano. Ranar Juma'a 'yar ƙanena tana cikin adaidaita, masallata sun cika titi, sai ta iso gida saura minti biyar. Asabar da Lahadi tana Islamiyya har biyu. Na kira ƙanena na ce ko zai riƙa ɗauko ta da wuri. Ya yi dariya har da tari. "Yaya, in cire yarinya daga karatun Alƙur'ani saboda gem? Ku dai Cainar nan ta fara taɓa ku." Ban ga laifinsa ba, da ni ne ma abin da zan faɗa ya fi haka.

Na ce to su riƙa kiran juna kawai, ai waya ba ta hana magana ba. Suka gwada. Ina wuni, lafiya lau, ya makaranta, lafiya lau, sai shiru. Yara biyu da sau ɗaya suka taɓa ganin juna ido da ido, me za su ce? A gem akwai abin gudu da abin faɗa da wanda za a ɗora wa laifi. Kiran ya koma sati-sati, daga baya ya mutu.

Wata rana muna cin abinci ta ajiye tsinkayen cin abincinta ta ce da Sinanci, ba tare da ta kalle ni ba, "Mu koma Kano mana, can ba a hana." Na ce mata ta ci abincinta.

Washegari na ba da labarin a gidan abincin da muke taruwa bayan azahar, don a yi dariya, aka kuwa yi. Wani abokina Bamaraɗe mai sayen atamfa da yadi a kasuwar Shahe, wanda ke ce mini fatiro, wato maigida, ya ce, "Haba fatiro, shekara nawa kana gina wurin nan? Ka bar ƙasa sabili da wasan yara? Ka buɗe mata gem ɗin da fasfo naka, su zaci babba na, kowa haka shikai." Na ce a'a. Ni baƙo ne, zamana a ƙasar nan takarda ce ke riƙe da shi, ba zan ɗora sunana a kan ƙarya ba. Ban da haka ma, ba zan koya wa 'yata cewa doka ta wanda bai iya zagaye ba ce. Na yi wannan jawabi ina jin kaina wani babban mutum, na koma shago na ci gaba da lawban ya kawo, lawban ya ce meyo, wato mai kaya ya ce babu.

Wata bakwai ko takwas aka yi a haka, sai Salla ta zo. Bayan mun sauko daga idi na jira gari ya waye a Kano, na kira mahaifiyata ta bidiyo, na miƙa wa yarinyar. Tsohuwar nan ba ta gaisawa da jika sai da tsiya, kuma so take a rama. Bara har cewa yarinyar ta yi haƙoran Hajiya sun tafi yawo sun bar ta, tsohuwa ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Ke 'yar mai idon barci," in ji Hajiya, "an ce har yanzu da tsinke kike cin tuwo. Ina barka da sallata, ko rowar ubanki kika gado?"

Yarinyar ta yi murmushi. Ta ce, "Na'am. Lafiya lau. Na gode." Sannan ta juyo ta kalle ni, ta tambaye ni a hankali da Sinanci me kaka ta ce.

Hajiya ta ga juyowar. Ta ce, "Ba ni ubanki." Da na karɓa ta ce, "Wace baƙuwa ce ka ba ni? Ina yarinyar da nake faɗa da ita?" Na fara kame-kame, na ce makaranta ce ta yi mata yawa. Ta ce, "Kai kana ina?" Daga nan ta shiga yi mana addu'a.

Tambayar nan ta yi mini ciwo, don amsarta a fili take. Ina nan, a gida ɗaya da yarinyar, ina jin kunyarta. A gidanmu na Kano mahaifina ya yi shirunsa lafiya saboda akwai gwaggo da kawu da kaka da yaran maƙwabta, kowa na zuba wa yayana magana tun safe. Ni na kawo shirun, na bar mutanen a can. Duk dangin da 'yata take da su a bakinta yarinya ɗaya ce a cikin waya, awa ɗaya a rana, kuma ranar da aka rufe ƙofar ni na fi kowa sa albarka.

Na gwada gyarawa da kaina. Na riƙa dawowa da wuri in zauna kusa da ita in ce mu yi hira. Abin ya zama kamar ganawa da jami'in biza: ina tambaya tana amsawa, duk mun ƙosa a tashi. Ban daina ba har yau, amma na san bakin uba ɗaya, mai nauyi irin nawa, ba zai riƙe mata harshe ba.

Da matata na fara maganar komawa Kano, don ita ce za ta bar ƙasarta da uwarta da duk abin da ta sani. Na ce mata in ta ce a'a, an gama. Ta yi kwana uku tana tunani. A na huɗu ta ce, "Na ga fuskarta ranar Salla. Shekara biyu, mu gani. Kuma duk hutu zan zo wurin mamata." Na ce na yarda. Shagon zan bar wa abokin aikina, ni in riƙa zuwa sari kamar sauran 'yan kasuwa, in kwana a masauki a garin da na yi shekara goma sha shida. Raina bai so ba ko kaɗan. Bamaraɗe ya ce, "Wai da gaske sabili da gem?" Na ce masa ya rubuta haka in yana so.

Ranar da aka rufe makaranta na same ta a ɗaki na faɗa mata da Hausa, a hankali, cewa bayan wata biyu za mu tafi. Na zaci tsalle za ta yi. Sai ta zauna a bakin gado tana murza gefen zanen gadon. Ta buɗe baki da Sinanci, ta fasa, ta sake farawa.

"Abba, in na yi… in na faɗi ba daidai ba, za su yi mini dariya?"

Na ce za su yi, tun daga filin jirgi ma, kuma kakarta ce za ta fara. Na ce saboda dariyar nan za mu tafi, ta shirya ramawa.