Sunan da Ruwa Ya Tona a Naraguta

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku. Ga ta nan tafe, amma wannan babu gizo a cikinta.

Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya karantawa ba, sai dai akwai rubutun da nake ganewa daga tsallaken titi. Kakata Iya ce ta sanar da ni shi. Muna yara a Naraguta, nan Jos, in sanyin yamma ya sauko daga duwatsu, sai ta hura wuta, ta jera masara a garwashi, mu kewaye ta.

"Kakanku Sale mai fenti ne," in ji ta. "Rubutunsa ba jela, ba ƙawa. Miƙaƙƙen kamar taɓarya, zagayayyen kamar bakin tulu, kauri kuwa tafin hannuna. Direban tifa a guje ma sai ya karanta."

Da irin rubutun nan ya zana sunan maƙwabcinsa, Oga Emeka tela, a bangon shagonsa, da baƙin fenti.

Sai gari ya rikice. Masu adda da gora suna bin layi suna karanta bango, sunan da bai yi musu ba su cinna wuta. Emeka ya kulle kansa a shago da matarsa da 'ya'yansa. Sale ya dama farar ƙasa ya shafe sunan.

Iya ta ce mana, "Na ce, Malam, ka sa baƙi mana! Ya ce, ke dai, baƙi tona asiri zai yi, fari kuwa kowa na shafawa."

Da la'asar ruwa ya kece. Farar ƙasa ta jiƙe ta zube, sunan ya fito baƙi ƙirin. Sai masu addan suka iso.

"Kai, mai fenti, wa kake ɓoyewa?"

Sale ya jingina da bangon, ya ware hannuwa, amma rubutun ya fi shi faɗi. Suka sare shi a hannun dama, suka rufe shi da gora har ya daina motsi, suka ɓalle ƙofa. Kafin nan Iya ta jawo matar da yaran ta katangar baya. Emeka ya tsaya riƙe da ƙofa, nan suka gama da shi, suka ƙone kekunan ɗinkin a kansa.

Ina yarinya na ɗauka laifin ruwa ne. Sai da na ga Jos tana ci da wuta da idona, na gane ruwa bai taɓa ɗaukar adda ba.

Matar Emeka ta hau jirgin ƙasa da 'ya'yanta, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Sale ya rayu, hannun ya shanye, ya ƙare da sayar da dankali. Iya ta tsufa, ta rasu a ɗakinta. Ni kuwa ga ni. Jikana ya buɗe shagon aski a Dutse Uku, na ce ya zana almakashi kawai.

"Haba Kaka, ai an wuce nan!"

Ya rubuta sunansa, manya-manya. Duk safiya sai na tura a dubo mini ko ya buɗe.