Ajiyar Juma'a a cikin kwallar Hajiya

A damina tsawa ta faɗa wa ofishinmu, ranar wata Juma'a bayan la'asar. Ni ne mai kula da kwamfutoci a wata cibiyar jarrabawa a Faskari, kuma ranar Litinin muke sa ran ɗalibai daga ƙauyukan Sabuwa. Kowa ya san hatsarin hanyar nan. Iyayen da suka saki 'ya'yansu sau ɗaya, ba lalle su sake sakinsu ba idan aka ɗaga jarrabawa.

Abin da ya ƙone shi ne saba, babbar na'urar da ke riƙe da sunan kowa da kalmar sirrinsa. In ba ta, sauran kwamfutocin ba sa buɗe wa kowa.

Ni kuwa a lokacin kaina rawa yake. Na ce ai abu mai sauƙi ne. Da safiyar Asabar na jawo wata na'ura da muke ajiye da ita, na ɗora mata komai sabo, na raɗa mata sunan tsohuwar, wato sunan ƙauyen Malamin da ya kafa cibiyar kafin ya yi ritaya. Na kunna kwamfuta ta farko, ta ce ba ta san wannan ba. Ta biyu ma haka. Suna dai ɗaya, amma ba su yarda ita ce ba, don shaidar da suka san ta da ita ta ƙone tare da tsohuwar. Nan gumi ya karyo mini. Rabona da ɗaukar kwafin ajiya, ni kaina na manta.

Sai na tuna da Hajiya, mai buga mana takardu. Tun zamanin Malam akwai wata ɗabi'a: duk Juma'a kafin a tafi masallaci, a jona wani ɗan akwati mai girman tafin hannu, a kwafe sabar gaba ɗaya, a fita da shi daga ofis. Da zai yi ritaya, a hannun Hajiya ya damƙa aikin. Sau nawa ina tsokanarta, ina cewa, "Hajiya, yau ma za a kai jariri gida?" Ita dai sai ta ɗauki abinta ta wuce.

Na hau babur na nufi gidanta a Sheme, kunya kamar ta kashe ni. Na tarar tana tankaɗe. Bayan mun gaisa na yi mata bayani, kaina a ƙasa.

"Ashe yau jaririn ake nema," in ji ta.

Ta shiga ɗaki ta sauko da wata kwalla daga jerenta, ta buɗe. Ga akwatin nan naɗe cikin ɗankwali.

"Na jiya ne, kafin ruwan nan," ta ce. "Ni ban san mi ke ciki ba, ɗan nan. Malam dai ya ce amana ce. Kuma ya ce in babbar na'urar ta mutu, a tashe ta da sunanta, kada a canza."

Na koma na goge aikin da na yi da safe, na dawo da komai daga akwatin, da suna da shaida. Ranar Lahadi da hantsi na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta buɗe ba gardama. Da ta ƙarshe ta buɗe, a ƙasa na zauna, na yi hamdala.

Litinin ɗaliban suka iso a bayan a-kori-kura, takalmansu duk taɓo. Suka rubuta jarrabawarsu, suka kama hanya tun rana na sama. A cikinsu babu wanda ya san abin da ya faru. Shugaban cibiya ya yi ta yabona a gaban ma'aikata, Hajiya na gefe tana buga takarda. Na ce masa a'a, ranka ya daɗe, ga wadda za a gode wa can.

Har yau ina gode mata, kuma ina yi wa Malam addu'a. Juma'ar da ta biyo, ni na jona akwatin da hannuna. Da ya gama na naɗe shi a ɗankwalin, na durƙusa na miƙa mata.